Yadda Mai Wallafa Bidiyo Za Ta Gane Mai Bibiyarta, Ta Kuma Hana Shi Isa Ƙofar Gidanta

Wata mai sayar da humra da turaren wuta a nan Garwa, a arewacin Kamaru, ta kawo mini wayarta wata rana bayan la'asar, ta miƙo mini ita ba tare da ta zauna ba, ta ce in karanta saƙon da ya shigo mata da asuba. Saƙon gajere ne, babu zagi a cikinsa, babu barazana: "Atamfar da kika sa jiya a bakin kasuwa ta fi wadda kike sawa a bidiyo kyau, Hajiya." Abin da ya tayar mata da hankali shi ne, a jiyan ba ta ɗauki bidiyo ba, ba ta ɗora hoto ba, ba ta kuma gaya wa kowa cewa za ta kasuwa ba. Mutumin da ya shafe wata huɗu yana yaba mata a ƙarƙashin kowane bidiyo, wanda ta ɗauka yana can wata ƙasa mai nisa, ashe yana tsaye a inda zai iya bambanta launin zanenta.

Wannan bayani na rubuta shi ne domin matan da fuskarsu ko muryarsu ta zama jarinsu a TikTok da Facebook da Instagram da WhatsApp, tun daga masu waƙa da barkwanci da masu lalle da kitso, zuwa masu kayan mata, har da waɗanda ke sayar da hotuna da bidiyon da manya kaɗai ake nuna wa, waɗanda su ne suka fi kowa shiga haɗari, su ne kuma suka fi kowa rasa wanda za su kai wa kuka. Hukunci kan sana'ar wata ba shi ne ya kawo ni ba. Kowace irin sana'a mace ke yi, babu wadda ta halatta wa wani namiji ya bi sawunta, ya tsoratar da ita, ko ya riƙe asirinta kamar wuƙa a maƙogwaronta.

Yadda ake gane shi

Mai son aikinki yana kallo, ya yaba, ya wuce harkarsa. Idan kika yi shiru ba ya jin an ci bashinsa. Mai bibiya kuwa ana gane shi ne daga ranar da aka ce masa a'a, ko aka ƙi ba shi amsa. Saƙo ɗaya ya zama goma, goma ya zama kiran waya da tsakar dare, yabo ya juye ya zama gori, sa'an nan bayan kwana biyu ya dawo yana ba da haƙuri yana cewa so ne ya ja. Idan kika toshe shi, ya buɗe sabon shafi da wani suna, amma salon rubutunsa da kuskuren da yake yi a wasu kalmomi suna nan yadda suke. Wannan dawowa bayan an toshe shi ita ce alama ta farko da bai kamata ki yi mata uzuri ba, domin ta nuna cewa ya ji abin da kike so sarai, ya kuma zaɓi ya take shi.

Alama ta biyu ta fi nauyi, ita ce ya riƙa ambaton abin da ba ki taɓa wallafawa ba: sunanki na yanka, sunan unguwarku, makarantar da ɗanki ke zuwa, ranar da kika je asibiti, ko launin ƙofar gidanku. Yawanci yakan saka irin wannan ne cikin raha, kamar ba komai ba, alhali nufinsa ki san cewa ya sani. Daga nan sai ya fara zagaya ki, ya nemi abota da ƙanwarki, ya tura wa mijinki ko yayanki saƙo, ya shiga zauren WhatsApp na dangi ko na 'yan kasuwarku, ko ya buɗe shafi da hotonki yana magana da mutane da sunanki.

Akwai kuma tarkon kyauta, wanda ya fi kama mata masu kirki saboda tarbiyyarmu ta koya mana cewa ba a mayar da hannun kyauta baya. Ya tura miki kuɗin kati, ya jefa kyaututtuka a shirinki na kai tsaye, ya tura sefa 10,000 ranar Sallah ba tare da kin roƙa ba, sannan wata rana ya ce, "Duk abin da na kashe miki, ko murya ba za ki bari in ji ba?" Ki sani cewa wanda ya biya kuɗin kallon bidiyo, kallon ya saya, bai sayi lambarki ko lokacinki ko adireshinki ba. Idan kyautar mutum ta fara zuwa da sharaɗi, ki daina karɓa tun kafin ya tara abin da zai riƙa lissafa miki.

Kada kuma hankalinki ya tafi ga baƙo kaɗai. Sau da yawa mai bibiya wanda aka sani ne: tsohon miji da bai haƙura ba, saurayin da aka ƙi, maƙwabci, abokin ciniki, ko wanda ya taɓa riƙe wayarki. Idan mai ɓoyayyen suna ya san abin da mutum uku kaɗai suka sani, to ki fara lissafi daga cikin ukun nan, ko daga wanda suke gaya wa magana.

Ta ina yake samun hanya

A nan ne nake so ki fi tsayawa, domin mafi yawan masu bibiya ba gwanayen kwamfuta ba ne. Haƙuri ne da su, suna tsintar ƙananan abubuwan da kike zubarwa ba da sani ba, kamar yadda kaza ke bin tsabar da ta zube daga buhu har ta isa rumbu. Garuruwanmu kuma ba su da girman da mutum zai ɓace a ciki. Wanda ya tashi a Marwa, idan ya ga kan wani dutse ta saman katangarki da irin bishiyoyin dogonyaro da ke layinku, zai iya cewa wannan ɓangaren unguwar Domayo ne ko na unguwar Kakatare. Mutumin Ngaundere zai ji kukan jirgin ƙasa a bayan muryarki ya ƙiyasta nisanki da tasha. Muryar ladanin masallacin unguwa, allon shagon da ke kallon gidanku, lambar babur da aka ajiye a zaure, rigar makarantar yaro da aka shanya a igiya, duk adireshi ne ga mai nema. Har ɗaukewar wuta tana ba da labari, domin idan wuta ta ɗauke kina tsakiyar shiri kai tsaye, wanda ke cikin garin zai iya bincika unguwannin da aka ɗauke wa wuta a wannan lokacin. A ƙasar Japan, a shekarar 2019, an kama wani mutum da ya gano tashar jirgin da wata mawaƙiya ke sauka ta hanyar ƙara girman hotunanta yana duba abin da ya bayyana a cikin ƙwayar idonta, ya jira ta a can, ya bi ta har gida ya kai mata hari. Kyamarorin wayoyin yau sun fi na wancan lokaci kaifi.

Saboda haka ki ware wuri guda na ɗaukar bidiyo, bango fili ko labulen da ba ki amfani da shi a ko'ina, nesa da taga da madubi. Kafin ki ɗora kowane abu, ki kalle shi sau biyu: na farko kina kallon kanki, na biyu kina kallon duk abin da ba ke ba, kina kuma sauraron abin da ke bayan muryarki. Idan kin je biki ko wurin cin abinci ko bakin kogin Binuwai, ki bari sai kin koma gida, ko ma sai washegari, kafin ki wallafa. Shirin kai tsaye daga wurin da kowa ya sani daidai yake da shelar cewa ga inda nake yanzu. Ki kuma roƙi ƙawayenki kada su saka sunanki ko su nuna ki a nasu bidiyon ba tare da sun tambaye ki ba, domin mace tana iya kiyaye nata shafin shekara guda, ƙawarta ta fallasa ƙofar gidanta a bidiyon kamu na minti ɗaya.

Hoton da waya ta ɗauka yakan riƙe wasu bayanai a ɓoye a cikinsa, har da ainihin wurin da aka ɗauke shi idan an bar kyamara tana amfani da na'urar nuna wuri. Manyan shafuka suna goge wannan bayani daga hoton da jama'a ke gani, haka ma WhatsApp idan an tura shi a matsayin hoto, amma idan kika tura shi a matsayin takarda domin kada kyansa ya ragu, ko ta imel, to yana tafiya da komai nasa. Ki shiga saitunan kyamara ki kashe wurin da aka rubuta Localisation, wato nuna wuri, idan wayarki da Faransanci take, ki kuma duba Snapchat idan kina amfani da shi, domin taswirarsa tana iya nuna wa abokai inda kike idan ba ki kunna yanayin ɓuya ba.

Babbar ɓarakar da na fi gani a wajenmu ita ce ta kuɗin waya. A Kamaru da Cadi ana rajistar layi ne da katin ɗan ƙasa, kuma wanda zai tura miki kuɗi ta Orange Money ko MTN MoMo yakan ga sunan da aka yi rajista da shi, ko kafin ya tabbatar da turawar ko a saƙon da ke biyo baya. Masu Airtel Money da Moov Money a Injamena su ma su gwada su gani. Ma'ana, macen da ta shekara tana amfani da sunan sana'a, sefa 500 ta isa a sayi cikakken sunanta. Ki sa wata 'yar'uwarki ta tura miki ɗan kuɗi a gabanki, ki ga abin da ya fito a allonta. Idan sunanki ne, ki je ofishin kamfanin ki nemi asusun 'yan kasuwa wanda ke ɗauke da sunan shago, ki sake gwadawa bayan an buɗe. Haka nan manhajar Truecaller tana nuna sunan da wasu suka ajiye lambarki da shi a wayoyinsu, wani lokaci har da unguwa ko sunan miji, kuma kamfanin yana da shafin da ake cire lamba daga jerinsa.

Waccan mai turaren da na ambata, da muka bi abin a hankali, sai muka gano cewa ta ƙofar aike aka shigo mata. Mutumin ya yi odar kwalba biyu da wani suna, ya ce zai aiko mai babur ya karɓa, ita kuma ta yi wa mai babur kwatancen gida har da cewa ƙofa mai ruwan ganye kusa da injin niƙa. Tun daga ranar ta daina ba da kaya daga gida. Wannan ita ce shawarata ga duk mai sayar da kaya: ki samu shago a kasuwa ko tashar mota inda za a riƙa ajiyewa ana karɓa, ki riƙa aiki da mai babur ɗaya ko biyu da danginki suka sani, kada baƙon ɗan aike ya taɓa sanin layinku.

Raba sana'a da gida

Maganin da ya fi kowanne shi ne a gina katanga tsakanin rayuwar sana'a da ta gida, kuma ginin yana farawa da layi biyu. Layin sana'a daban, imel ɗinsa daban, sunansa daban, kuma idan da hali wayarsa daban, ko da tsohuwa ce. Dalilin raba wayar shi ne, TikTok da Facebook da Instagram suna neman izinin karanta lambobin da ke cikin waya, su kuma nuna shafinki ga mutanen da ke da lambarki, wanda ta haka ne kawunki ko surukarki za su wayi gari su ga an ba su shawarar su bi ki, ta haka ne kuma mai bibiya ke gano shafinki na dangi. Ki shiga sashen Confidentialité, wato na kare sirri, a kowace manhaja ki kashe haɗa lambobi da ba da shawarar shafinki ga wasu. Kada hoto ɗaya ya bayyana a shafukan biyu, domin da Google Lens, manhajar bincike da hoto, ana iya neman wasu wuraren da hoto ya fito a intanet.

A WhatsApp na gida, ki mayar da hoton fuska da matsayi da lokacin da aka gan ki na ƙarshe zuwa ga waɗanda kika ajiye lambarsu kaɗai, ki hana kowa jefa ki cikin zaure ba da izininki ba, ki kuma kunna rufe ƙarar kiran baƙin lambobi. Ki kunna Vérification en deux étapes, wato ƙarin lambar sirri ta kare asusu, ki zaɓi lambobi shida da ba ranar haihuwarki ba ce. Lambar da ke shigo miki ta saƙo idan ana ƙoƙarin buɗe asusunki, kada ki karanta wa kowa ita, ko da ya ce daga kamfani yake, ko da da sunan ƙawarki ya rubuto cewa kuskure aka yi aka tura miki. Sa'an nan ki buɗe Appareils connectés, wato jerin na'urorin da aka haɗa da asusunki, ki duba. Idan kika ga wata kwamfuta ko waya da ba ki sani ba, to wani yana karanta saƙonninki tun ranar da ya riƙe wayarki na minti biyu.

Kalmar sirri kuwa, kowane asusu da tasa, doguwa, wadda ba sunan ɗa ko na miji a ciki, kuma ta imel ta fi kowace muhimmanci tun da ta nan ake sake buɗe sauran. Idan kin rabu da miji ko saurayin da ya san lambar buɗe wayarki, ki canza komai a ranar, kada ki jira sai an yi faɗa. Idan waya ta lalace, ki cire katin ajiya da layi kafin ki ba mai gyara, ki tsaya a kansa idan aikin na ɗan lokaci ne, kada kuma ki ba da lambar buɗewa sai dole. Yawancin masu gyara mutanen kirki ne masu neman halaliyarsu, amma mutum ɗaya ya isa.

Akwai manhajojin leƙen asiri da ake dasawa a ɓoye, masu tura wa wani saƙonninki da inda kike. Batir mai saurin ƙarewa ko waya mai zafi ba hujja ba ce ita kaɗai a ƙasar da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, amma idan hakan ya haɗu da mutumin da ke maimaita miki maganar da kika yi a asirce, ki tabbatar Play Protect, mai bincikar miyagun manhajoji a wayoyin Android, yana kunne, ki duba manhajojin da aka ba izinin sarrafa waya ko karanta allo. Idan kina zargin wanda kuke gida ɗaya da shi ne, ko mai iya dukanki, kada ki yi gaggawar gogewa, domin zai iya lura ya kuma harzuƙa. Ki fara neman taimako ta wayar wani.

Ga wadda ke ɗaukar hotunan tsiraici, na sana'a ko na tsakaninta da wanda ta yarda da shi, gaskiyar da ba ta da daɗi ita ce, abin da ya bar wayarki ya bar hannunki. Saƙon da ake gani sau ɗaya ana iya ɗaukarsa da wata wayar. Rufe fuska bai isa ba, domin a wajenmu ana gane mace da tsagar kumatu, da tabon ƙuna, da zanen lallen da aka gan ta da shi a biki, da zobe, da zanen gado, da murya. Wasu shafukan da ake biya suna ba da damar toshe ƙasashe, kuma ya kamata ki toshe Kamaru da Cadi da Najeriya da Nijar, ko da yake mai amfani da manhajar ɓoye ƙasa zai iya tsallakewa. Sanya tambarin sunan sana'a a jikin kowane hoto yana taimakawa wajen neman a sauke shi bisa haƙƙin mallaka idan an sace.

Idan ya riga ya fara

Abu na farko shi ne hujja, kuma a nan ne mata da yawa ke yi wa kansu asara, domin tsoro da ƙyama sukan sa su goge komai nan take. Kafin ki toshe shi, ki ɗauki hoton allo na kowane saƙo yadda kwanan wata da lokaci da lamba za su fito, ki kwafi adireshin shafinsa tun da suna ana canza shi, ki ajiye saƙonnin murya, ki ajiye lambar shaidar duk kuɗin da ya turo. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta rana da abin da ya faru da wanda ya gani, ko da abin ƙarami ne, domin saƙo ɗaya ba ya nuna komai ga jami'i, amma saƙo sittin cikin wata biyu daga shafuka biyar yana nuna hali. Ki ajiye kwafi a wani wuri da ba wayarki ba. Idan kina da halin biya, ma'aikacin shari'a da ake kira huissier yana iya duba wayar ya rubuta takardar tabbatar da abin da ya gani, wadda ta fi hoton allo nauyi a gaban alƙali.

Bayan haka ki tura masa magana ɗaya tak, a rubuce, ba zagi ba roƙo: "Malam, kada ka sake tuntuɓa ta ta kowace hanya." Daga nan kada ki ƙara amsawa, ko da ya yi kuka, ko da ya ce zai kashe kansa, ko da ya zage ki da iyayenki. Idan ya turo saƙo arba'in kika amsa na arba'in da ɗaya, kin koya masa cewa farashin amsarki saƙo arba'in ne. Ki kai ƙarar shafin ga kamfanin ta maɓallin Signaler, ki toshe. Ban ba ki shawarar ki yi bidiyo ki tona shi a gaban mabiyanki ba, duk da na san zuciya tana so. Hakan yakan ba shi kulawar da yake nema, yana iya tunzura shi, kuma idan kika kuskure mutum, ke za a kai ƙara kan ɓata suna.

Idan ya ce zai watsa hotunanki sai kin biya ko kin ba shi kanki, kada ki biya. Wanda aka ba sefa 50,000 yau ya gane cewa akwai inda ake samu, kuma hoton yana nan a hannunsa. Akwai shafin StopNCII.org, wanda wata ƙungiyar agaji ta Birtaniya ta buɗe a ƙarshen 2021 tare da haɗin gwiwar Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook da Instagram, domin waɗanda suka kai shekara 18 da ake barazanar watsa hotunansu na sirri. Hoton ba ya barin wayarki. Wani tambarin lissafi ake cirowa daga jikinsa a aika wa kamfanonin da ke cikin shirin, irin su Facebook da Instagram da TikTok, domin su gane shi su tare shi idan an yi ƙoƙarin ɗorawa. Ba ya aiki a cikin saƙonnin WhatsApp, amma yana rage yaɗuwa a fili. Wadda aka ɗauki hotonta tun ba ta kai 18 ba, nata shafin shi ne Take It Down.

Doka tana da abin cewa. A Kamaru, doka mai lamba 2010/012 ta 21 ga Disamba 2010 kan tsaro da laifukan intanet, a sashe na 74, ta tanadi ɗaurin shekara ɗaya zuwa biyu da tarar sefa miliyan 1 zuwa miliyan 5 ga wanda ya naɗi ko ya watsa bayanan sirrin wani ba da yardarsa ba, kuma kundin hukunta laifuka na 2016 ya haramta barazana da cin zarafi ta hanyar neman lalata da karɓar kuɗi da tsoratarwar tonon asiri. A 2022 wata kotu a Duwala ta yanke wa mutum biyu hukuncin ɗauri kan hotunan tsiraicin wata budurwa da suka bazu a intanet, ɗayansu kuwa sanannen ɗan jarida ne. A Cadi an kafa doka mai lamba 009/PR/2015 kan laifukan intanet a shekarar 2015. Hukumar ANTIC a Kamaru da ANSICE a Cadi su ne ke kula da tsaron intanet. Ana shigar da ƙara a ofishin 'yan sanda ko na jandarmomi, ko a rubuta kai tsaye ga mai gabatar da ƙara na gwamnati a kotu, kuma ki nemi shaidar cewa an karɓi takardarki. Sai dai wadda sana'arta ta shafi hotunan batsa ta fara ganin lauya kafin ta miƙa wayarta ga kowa, domin dokar Kamaru tana hukunta karuwanci da yaɗa abubuwan batsa, kuma lauya ne zai nuna mata yadda za ta kai kukanta ba tare da ta jefa kanta cikin wata matsalar ba. A Marwa akwai ƙungiyar ALVF mai yaƙi da cin zarafin mata, wadda Aissa Doumara, da ta samu lambar yabo ta Simone Veil a 2019, tana cikin waɗanda suka kafa reshenta. A Injamena akwai ƙungiyar mata masana shari'a ta Cadi, AFJT.

Makamin da mai bibiya ya fi dogara da shi a ƙasarmu shi ne kunya. Ya san kina tsoron kada Baba ya ji, kada miji ya ji, kada a ce ke kika ja wa kanki da kika fito a waya, kuma muddin ke kaɗai kika sani, shi ke riƙe da linzami. Ki zaɓi mutum ɗaya mai riƙe sirri, inna ko yaya ko aminiya, ki zaunar da ita ki ce, "Yaya, akwai abin da ke damuna, ina so ki ji daga bakina kafin ki ji daga wani." Ranar da kika faɗa da kanki, rabin abin da yake tsoratar da ke da shi ya zube. Ga iyaye da yayye kuma, idan 'yarku ta zo da irin wannan magana, faɗa da ƙwace waya su jira; ku fara tambayarta ko mutumin ya san gida.

Idan ya san gida, ko an gan shi a layinku, to maganar ta tashi daga waya. Ki nuna hotonsa ko kamanninsa ga mutanen gida da mai shagon bakin layi da mai gadi, ki gaya wa makarantar yaranki sunayen waɗanda kaɗai aka yarda su ɗauke su, ki canza lokacin fita da hanyar da kike bi, ki daina hawa babur ɗin da ya tsaya miki da kansa a ƙofar gida. Sanar da jauro ko lawan, wato mai unguwa, yana da amfani domin a sa ido, amma kada ki yarda da sulhun da za a zaunar da ke gaba da gaba da shi, domin ganinki shi ne abin da yake nema tun farko. Kada ki je haɗuwa da shi don ki roƙe shi ko don ya goge hotuna a gabanki, ko da a cikin jama'a ne. Idan ya zo ƙofa, kada ki buɗe, kada ki tsaya musu ta bayan ƙyaure. Ki kira maƙwabta da babbar murya, ki kira 117 na 'yan sanda ko 113 na jandarmomi idan kina Kamaru, ki kwana a gidan 'yan'uwa a daren, da safe kuma ki tafi ofishinsu da littafinki da kwafin hujjojinki da mutum ɗaya da zai raka ki.